Jinjina ga Coltrane da abokan kiɗansa

Ranar 6 ga Maris 1963, John Coltrane ya shiga ɗakin ɗaukar sauti na Rudy Van Gelder da ke jihar New Jersey a Amurka, shi da mutanensa uku. McCoy Tyner na kan fiyano, Jimmy Garrison na riƙe da babbar garayar nan ta Turawa da ake kaɗawa a tsaye, Elvin Jones kuwa na wurin ganguna. Yini guda suka yi aikin, kamfanin Impulse! ya ajiye shi bai fitar ba, daga baya ma asalin faifan ya salwanta.

Allah ya sa Coltrane ya tafi gida da kwafinsa, iyalan matarsa ta fari, Naima, suka adana. Sai a 2018, shekara 51 bayan rasuwarsa, aka fitar da shi da sunan Both Directions at Once.

Ni dai Elvin Jones ne ya fi tafiya da hankalina. Ba ya bin Coltrane mai busa a baya, ingiza shi yake yi, su yi ta ja-in-ja har Tyner ya ɗaga hannu daga fiyano ya bar musu fili. Van Gelder ma ya cancanci yabo, don ko numfashin mai busa bai ɓace masa ba.