Tsokaci Kan Koyar da Sinanci a Makarantunmu

An buɗe Cibiyar Confucius a Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka a 2008, sannan a Jami'ar Legas a 2009, domin yaɗa Sinanci da al'adun Sinawa. Ba mu musanta amfanin harshen ba, ganin yadda 'yan kasuwarmu ke zirga-zirga zuwa Guangzhou. Sai dai muna da ja kan gaggauta shigar da shi manhajar sakandare. Sinanci yana da karin sauti huɗu, rubutunsa kuwa sai da haddar dubban alamomi. Ina ƙwararrun malaman? An ɗaukaka matsayin Faransanci a 1996, amma ƙarancin malamai ya dabaibaye shirin. A namu ganin, a fara horar da malamai 'yan ƙasa tukuna, kada kuma a zaftare lokutan Hausa da Igbo da Yarbanci. Da ɗan gari akan ci gari.