Daga Gauta Zuwa Tumatir: Yadda Kayan Lambu Ke Samun Gurbi a Adabin Baka

Kacici-kacicin da yaron Bahaushe ke fara koya a dandali shi ne "ƙulunƙulufita", amsarsa kuwa gauta. Idan ɗa ya tashi bai ɗauko kyawun halin iyayensa ba, sai manya su girgiza kai su ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Hayaƙin da 'yan sanda ke harbawa don tarwatsa taro ma ba a tsaya nema masa suna daga nesa ba, aka ce barkonon tsohuwa. To amma nemi tumatir a cikin karin magana ko tatsuniya, ka ga yadda za ka wahala, alhali yau babu tukunyar miyar birni da ke rabuwa da shi. Haka kabeji da karas da latas: sun cika kasuwa, sun cika faranti, baki bai ɗauke su ba.

Bayanin da ya fi saurin zuwa shi ne na daɗewa. Gauta da kuɓewa da yakuwa da duma 'yan Afirka ne tun fil azal, albasa da lalle sun biyo ayarin fatake ta Sahara ɗaruruwan shekaru da suka wuce, su kuwa kabeji da karas sun yaɗu ne a zamanin Turawa. Akwai gaskiya a nan, sai dai ba ta isa ba, kuma ɗaliban adabi da yawa sun yi tuntuɓe a kanta. Da zarar sun ga tsiro a tatsuniya sai su yanke hukuncin cewa tare da shi aka kafa Daura.

Kabewa ce ke rushe wannan lissafi. A littafin tatsuniyoyi da al'adun Hausawa da R. S. Rattray ya buga a 1913, wanda Malam Shaihu ya rubuta masa da ajami a ƙasar da yau ake kira Gana, akwai labarin Furaira, 'yar mai dukiya da ta nace sai an tsinko mata wata kabewa. Kabewar ta riƙa bin ta tana neman nama, ta haɗiye dabbobi da mutane, har sai da rago ya tunkuye ta ta fashe, abin da ta ci ya fito. Wanda ya ji wannan zai rantse kabewa ta girmi kakanninmu. Alhali ire-iren kabewa duka daga nahiyar Amurka suka fito, ba su taka Afirka ba sai bayan 1492, tare da barkono da masara da rogo da gyaɗa da gwanda da gwaiba da shi kansa tumatir ɗin. Ni a ganina labarin ya girmi kabewar. Tatsuniyar duman da ke haɗiye gari sananniya ce a sassan Afirka da dama, kuma duma ya daɗe a hannunmu yana ba mu ƙwarya da ludayi da gora da shantu. Baƙuwar ta zo tana yaɗo irin nasa, tana hawa danga da rufin ɗaki irin nasa, ga ta kuma tana shiga miyar taushe, sai ta gaje masa matsayi a bakin masu ba da labari.

Barkono ma haka. Kafin zuwansa Bahaushe bai rasa yaji ba: akwai masoro da kimba da citta mai 'ya'ya da fasaƙwari. Akwai kuma tsarin tunani da ya raba abinci da cuta gida biyu, zafi da sanyi, wanda a cikinsa mai jego ke buƙatar duk abin da zai kore mata sanyi, daga wankan ruwan zafi da kunun kanwa har zuwa yajin da ake daka mata turmi guda. Barkono ya tarar da aikin yana jiransa. Yana da sauƙin shukawa, yana bushewa ya shekara bai lalace ba, ya fi masoro araha. Cikin 'yan ƙarnoni ya zama ɗan gida har ba mai tuna baƙo ne.

Abin da ke sa tsiro ya shiga adabin baka, ke nan, hannun da ya bi ne. Mu lura Bahaushe lambu biyu gare shi. Akwai na fadama, na maza, inda ake yanka fangali a ja ruwa da jigo, yau kuma da injin ban ruwa, ana noma don kasuwa. Akwai kuma wanda ba a ma kiransa lambu: 'yar shukar cikin gida, bayan madafa ko bakin makwarara, inda ruwan wanke-wanke ke gangarawa. Nan uwar gida ke watsa 'ya'yan yakuwa da rama, ta soka kuɓewa jere biyu, ta bar ɗoɗɗoya ta tsiro don miya da korar sauro, kabewa ta haye zana, zogale ya tsaya a kusurwa. Tatsuniya kuwa sana'ar mata ce da tsofaffi, da dare, a tsakar wannan gidan dai. Abin da mace ta shuka da hannunta, ta tsinka, ta shanya a kan tabarma, ta daka, ta ba maras lafiya, shi ne ya samu shiga labarinta.

Dubi yakuwa, wadda ba a zubar da komai nata. Ganyen ya yi miya da fate. Jan ƙoƙon da ke rungume da 'ya'yan, wanda mutane ke ɗauka fure ne, shi ake busarwa a dafa zoɓo. 'Ya'yan kuma a dafa su a rufe su ruɓa a yi daddawar batso, wadda har gobe ake ji da ita a ƙauyukan Nijar da arewacin ƙasar Hausa. Yau zoɓorodo ya zama hajar fitarwa waje, ana loda shi daga Jigawa da Kano zuwa Meziko, amma tun kafin dillalai su san darajarsa mata ne suka riƙe irinsa a ƙullin tsumma daga damina zuwa damina.

Lalle ya fi kowa nisa a wannan tafiya, domin shi ya wuce tukunya ya shiga aure. Ana kama amarya, ana sa ta a lalle, kuma kwanakin nan su ne iyaka tsakanin 'yanmatanci da zaman ɗaki. A dā sai a kwaɓa garin ganyen da ruwa, a lulluɓe ƙafa da shi a naɗe da ganye da tsumma, hannu kuma a zura shi cikin zunguru, a kwana a haka ana ƙaiƙayi ba halin sosawa, da safe a kwance a ga ya kama ja wur har ya doshi baƙi. Masanin nan na Ingila Jack Goody, a littafinsa na 1993 kan al'adar furanni, ya yi hujjar cewa Afirka kudu da Sahara ba ta damu da fure don ado ba. Gaskiya ne jera fulawa a ƙofar gida ya zo mana ne ta unguwannin Turawa. Amma wanda ya taɓa wucewa ta gefen gonar lalle lokacin da ta yi huda ya san ƙamshin da ke tashi, kuma ya san Bahaushiya ba ta rasa idon ganin kyau ba. Ta ɗauke kyan daga jikin itacen ne ta mayar tafin hannunta. Abin takaici shi ne baƙin rinin kanti da ya fara maye gurbinsa a gidajen ƙunshi, wanda sinadarin da ke cikinsa kan sa wasu fatarsu ta yi ƙuraje ta kumbura.

Zogale kuwa, ɗan asalin arewacin Indiya, ya daɗe yana aikin danga: a sare reshe a kafa, ya yi saiwa ya tofo. Kwaɗonsa da ƙuli-ƙuli abincin marmari ne kuma abincin ranar babu. Likita J. M. Dalziel, wanda ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916, ya same shi da sunaye fiye da ɗaya, alamar ya zaga gari. Ganyensa na da amfani ƙwarai, 'ya'yansa kuma in an daka suna kwantar da laka a ruwa. Sai dai abin da masu tallar magani a mota ke jingina masa yanzu, cewa yana warkar da kowace cuta, ba daga tsofaffinmu ya fito ba. Su sun san iyakarsa, har sukan gargaɗi mai ciki game da saiwarsa.

Tumatir ta ƙofar fadama ya shigo da ƙarfinsa. Bayan an gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, filayen Kadawa da Kura suka koma jajaye da rani, kwanduna suka riƙa tafiya Legas a manyan motoci. Albasar Galmi da ta Aliero ma sun bi wannan hanya ta kuɗi, amma ita albasa ta riga ta samu karin maganarta tun tuni. Tumatir maganarsa ta 'yan gwari ce: nawa kwando, ya yi kwantai, a yanka a shanya kauɗa. Ko da tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna sharon ta cinye gonaki a 2016, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, labarin ya tsaya a rediyo da kasuwa. Irinsa ma a gwangwani ko leda ake sayowa duk shekara, galibi daga waje, ba a gadonsa daga uwa.

Wannan batu na iri shi ya fi damuna. Gidajen birni yanzu ana shafe tsakarsu da siminti har bakin katanga, ruwan wanke-wanke ya bi bututu ya fita. Ƙauye ma matan da ke ajiye irin gajeriyar kuɓewa mai yauƙi, ko farar yakuwa, ko gauta mai ɗaci na miya, suna raguwa. Cibiyoyin bincike irin na Samaru a Zariya suna adana iri, sassan Hausa na jami'o'i suna tattara tatsuniya da karin magana, amma kowa na aikinsa shi kaɗai. Ɗalibin da zai je wurin tsohuwa ɗaukar tatsuniya ya kamata ya tambaye ta abin da ke ƙulle a tsummanta, yaushe take shuka shi, wa ya ba ta, da wace cuta take ba da shi, ya rubuta duka a takarda ɗaya.