Injin Fijo da Hannun Bakanike

Inji mai jere shi ne wanda silindojinsa ke sahu ɗaya, kai guda ya rufe su, fistan ɗinsu duka suna juya karanshaf ɗaya. Tsari ne daɗaɗɗe. Da shi Ford ya fitar da Model T a Amurka a 1908: silinda huɗu cikin gangar ƙarfe guda, da kan da ake kwancewa a mayar.

Ƙasar Katsina ta fi saninsa ta hanyar Peugeot, wadda kowa ke kira Fijo. Samfurin 404 ya fito a Faransa a 1960, 504 ya biyo baya a 1968, sannan aka soma harhaɗa Fijo a Kaduna a 1975. Injin motocin biyu silinda huɗu ne, an ɗan kishingiɗar da shi gefe domin bonet ya sauko, an kuma miƙe shi daga gaba zuwa baya yana tura ƙafafun baya. Albarkarsa tana cikin wannan shimfiɗa. Bakanike na buɗe bonet zai ga komai a fili: filogi, kafireto, lagireto, bel ɗin fanka. A-kori-kurar da ta ɗauko buhunan gero daga Kurfi, in ta mutu a hanyar Dutsin-Ma, sau da yawa sufana da sukudireba sun isa su tashe ta. Ƙwararre kuwa da kunne yake saita wuta, kuma a gefensa yaron gareji ke koyon hakan, shekara da shekaru.

Jeren bai mutu ba. Golf da Corolla 'yan Kwatano da suka cika tashoshi yanzu su ma silinda huɗu ne a sahu. Sai dai an gicciye injin, wurin sa hannu ya matse, nozul da ƙwaƙwalwar lantarki sun karɓi aikin kafireto.

Sabon tsarin ya fi tsimin mai, ba kuma ƙaramin abu ba ne tun da aka cire tallafin fetur a 2023. Amma asarar da aka yi a gareji ta fi yadda ake ɗaukarta. Gyara ya koma canji: injin da a da za a buɗe, a sa masa sabon ringi da gasket, yau sauke shi ake yi a ɗora wani na hannu daga Kano. Yaron gareji na iya gama koyo bai taɓa riƙe fistan a tafin hannunsa ba, motar da ƙwaƙwalwarta ta rikice a Kurfi kuma sai an ja ta zuwa Katsina, wurin mai kwamfuta.