Bik murya ɗaya gare shi

Wani abokina ɗan Tanut ya ba ni kayen zanensa in duba. Shafukan farko da alƙalamin gamba da tawadar ƙaro ya yi su, irin na masu zayyana: layi ya yi kauri, ya sirance, har nauyin raƙuman kasuwa kake ji. Da ya koma bik sai ya nace wa tsohon hannu, kamar mai ɗora karin Hausa kan Faransanci. To bik ai murya ɗaya gare shi! Raƙuman suka koma na waya, irin wanda yara ke lanƙwasawa. Sai a zanen wata rijiya ta Belbeji ya daina kokawa da abin, ya riƙa jera ƙananan layuka har inuwa ta taru. Shafukan tsakiya dai ba su yi ba, kuma na faɗa masa. Har yau gaisuwarmu sama-sama ce.