Abdulkarimu Bajamushe a Tasawa: Sharhi kan Shaidar Heinrich Barth

Duk mai binciken tarihin ƙasar Tasawa ba shi da makawa sai ya bi ta kan littafin Heinrich Barth, Bajamushen da ya ratsa ƙasashen nan da sunan Abdulkarimu. An haife shi a Hambur a 1821, ya rasu a Balin a 1865. Ya iso Tasawa a watan Janairu na 1851, bayan ya biyo ayarin Abzinawa ta Damargu; daga nan ya nufi Gazawa da Katsina. Labarin tafiyarsa ya fito cikin juzu'i 5 tsakanin 1857 da 1858.

Abin da ya gani da idonsa abin dogaro ne. Ya ga marina, ya ga fara a kasuwa, ya ga wahalar ƙirgar wuri, ya kuma lura garin yana bin sarkin Maraɗi, wato zuriyar sarakunan Katsina da jihadi ya kora arewa. Amma ganin baƙo ne na ƴan kwanaki. Ƙafarsa ba ta taka Mayahi ba, saboda haka shirun littafinsa game da yankin ba hujja ba ce cewa babu abin faɗa.

A fannin fitar da tarihin da ƴan ƙasa suka rubuta, aikinsa ya haɗa alheri da kuskure. A Gwandu, a 1853, ya kwafi sassa na Tarikh as-Sudan, abin da ya buɗe wa Turai tarihin Songai. Sai dai ya jingina littafin ga Ahmad Baba, alhali Abdurrahman as-Sa'adi ne mawallafinsa.

Ga masanin harshe, matsalar ta fi nan zurfi. Barth ya iya Hausa gwargwado, har ya wallafa tarin kalmomin harsunan tsakiyar Afirka daga 1862 zuwa 1866, amma rubutunsa bai raba k da ƙ ba, ko d da ɗ, balle karin sauti. Ba laifinsa ba ne shi kaɗai, zamaninsa ke nan. Laifin namu ne idan muka kwashi sunayen garuruwa daga wurinsa, ko daga taswirar Faransawa mai rubuta Tessaoua, muka zuba cikin littattafan yaƙi da jahilci. Tun taron Bamako na 1966 muna da haruffan da suka ishe mu. Kowane suna sai a koma a ji shi daga bakin dattawan garin kafin a kai shi maɗaba'a.