Hutun Dubai a fim da littafi: an je, amma ba a ga gari ba

Mai karatu, in dai kana bibiyar littattafan soyayya da finafinanmu na Hausa, na tabbata ka haddace wannan babin ko da ba ka yi niyya ba. An sha gwagwarmaya da kishiya ko uwar miji, a ƙarshe an ɗaura aure. Ango ya shigo ɗaki riƙe da ambulan, ya ce wa amarya ta rufe ido. Tana buɗewa sai ga tikitin jirgi guda biyu. Ina aka nufa? Dubai. Daga nan sai a ba mu shafi uku ko huɗu: sun sauka a wani ƙasaitaccen otal, sun zaga gari, sun yi sayayya har sai da ta ce ya isa haka, sun ci abinci kala-kala. Bayan sati biyu suka dawo, ta yi ƙiba, ta ƙara haske. Shi ke nan.

A fim ma kanwar ja ce. A nuno jirgi yana tashi, a nuno dogon benen nan na Burj Khalifa daga nesa, sai a yanko jarumi da jaruma a cikin wani ɗakin otal da kowa ya san bai wuce Abuja ba. Idan furodusa mai ƙarfi ne har ya biya kuɗin jirgi da gaske, to abin da zai dawo da shi bai wuce waƙa ɗaya ba: ana tafiya a gaban ruwa mai tsartuwa, ana riƙe da ledojin kanti, ana murmushi.

Ƙorafina a nan guda ɗaya ne. Ka ɗauki babin nan ka yage shi daga littafin, ko ka datse fitowar daga fim ɗin, za ka ga labarin bai ragu da komai ba. Mutanen da suka tafi su ne suka dawo, halinsu bai motsa ba, ba abin da suka gano game da junansu. Tafiyar da ba ta taɓa labari ba kuwa, talla ce kawai aka yi wa aljihun ango.

Mu fara da yawon buɗe ido. Dubai ɗin marubutanmu gini uku ce: Burj Khalifa, Burj Al Arab da Dubai Mall. Gaskiya ne abin kallo ne. Burj Khalifa, wanda aka buɗe a watan Janairun 2010, tsawonsa mita 828 ne. Burj Al Arab mai siffar filafilin jirgin ruwa tun 1999 yake tsaye a bakin teku. To amma garin ya girmi waɗannan gine-gine nesa ba kusa ba. Kafin a gano man fetur a can a 1966, mutanen Dubai masunta ne da masu nutso cikin teku neman lu'ulu'u da fatake masu jiragen katako. Akwai wani mashigin ruwa da ya raba tsohon garin gida biyu, Deira a wannan gaɓa, Bur Dubai a waccan, kuma har gobe ana tsallaka shi a ƙaramin kwale-kwale mai inji da suke kira abra, mutum ya zauna kafaɗa da kafaɗa da ɗan dako da ɗan kasuwa. A unguwar Al Fahidi akwai tsofaffin gidaje masu 'yan lunguna, da hasumiyar iska a samansu wadda take jawo sanyi cikin ɗaki tun kafin zuwan na'urar sanyaya ɗaki. Bakanon da ya tashi a cikin ganuwa, in ya shiga lungunan nan dole wani abu ya motsa a ransa. Ban taɓa cin karo da amaryar littafi da ta hau abra ba. Kullum tana cikin mota mai baƙin gilas.

Sannan ina mutanen garin? Kusan kashi tara cikin goma na mazauna Dubai baƙi ne. Direban tasi Bapakistane ne ko Ba'indiye, mai karɓar kuɗi a kanti 'yar Filifin ce, mai gadi wataƙila ɗan Uganda ko ɗan Nepal. Wani darakta ɗan ƙasar, Ali F. Mostafa, ya yi fim a 2009 mai suna City of Life, inda ya saƙa labarin mutum uku: matashin Balarabe ɗan masu hali, direban tasi Ba'indiye mai mafarkin zama tauraron fim, da wata ma'aikaciyar jirgin sama 'yar Romaniya. Gari ɗaya suke ciki, amma kowa da irin Dubai ɗin da yake gani. A namu labaran kuwa, garin kamar an share shi ne don amarya da ango, ba kowa sai ma'aikacin otal da yake rusunawa.

Zo mu koma kan sayayya, domin nan ne aka fi yin asara. Ba wanda zai koya wa Bahaushe sayayya a Dubai. Shekara da shekaru 'yan kasuwarmu maza da mata suna saro kaya a Deira: abaya, turare, takalma, jakunkuna, wayoyi, gwal. Wanda duk ya san Kantin Kwari ko Kasuwar Rimi ya san hajiyoyin da ake jira su dawo da kayan lefe. Waɗannan ba a Dubai Mall mai shaguna sama da 1,200 suke yini ba, a kasuwar Naif da kasuwar gwal da ta kayan ƙamshi suke, suna ciniki da kalkuleta saboda ba a jin yaren juna. Gwal ma da ka'idarsa: ana auna shi da giram a kan farashin ranar, wannan ba ya ciniki, abin da ake tayawa shi ne kuɗin ƙira. Ka ga a nan kaɗai an samu fitowa mai ma'ana. Amarya 'yar gidan 'yan kasuwa ta iya ciniki, ango ɗan boko yana jin kunyar tayawa, yana ganin zubar da aji ne. Cikin minti biyu mai kallo ya gane bambancin gidajen da suka fito, ba sai wani ya tsaya ya yi jawabi ba.

Ga kuma batun tsaraba, wanda duk Bahaushen da ya taɓa yin tafiya ya san nauyinsa. Tun kafin a tashi an miƙo takarda: Hajiya tana son abaya baƙa, Gwaggo turaren wuta, ƙannen miji agogo, uwargida kuma an ce kada a manta da ita. Wa za a saya wa mai tsada? Idan abayar uwar amarya ta fi ta uwar ango kyau fa? Idan aka zo filin jirgi kaya suka haura kilo, akwatin wa za a rage? Wallahi rikicin da marubutanmu suke nema da tsafi da boka, ga shi nan kwance a cikin akwatin tsaraba, ba wanda ya ɗaga. Sai dai a rubuta mana cewa ya miƙa katin banki ko farashi bai tambaya ba.

Abinci ma haka. Jimlar da aka saba ita ce an cika tebur da abinci na alfarma, ko a lissafo soyayyar shinkafa da kaza da lemo, abin da ke akwai a kowane gidan abinci a Zoo Road. Alhali garin yana da nasa. Akwai machboos, shinkafa ce dafa-duka da nama ko kifi, da busasshen lemon tsami a ciki. Akwai harees, alkama da nama da ake dafawa har su narke su zama ɗaya, an fi cin sa da azumi. Akwai luqaimat, 'yan ƙananan ƙwallaye kamar fanke da ake zuba wa zumar dabino. Ga shayin karak mai kauri da madara da ake sha a tsaye a bakin titi, ga biriyanin Indiyawa a kowane lungu. Kuma kowa ya san gaskiyar magana: kwana uku Bahaushe zai yi a waje ya fara cigiyar tuwo, ya zaro yajin da aka ƙulla masa a leda. Amaryar da take ɓoye ƙullin yaji da kilishi a jaka a cikin otal mai tsada ta fi kama da mutum a kan wadda take ta yanka nama da wuƙa da cokali mai yatsu kamar a can aka haife ta.

Kada ka ce abin da nake nema ba ya yiwuwa. Tunda mu ma'abota finafinan Indiya ne, ka tuna da Queen na darakta Vikas Bahl, wanda ya fito a 2014. Kangana Ranaut ta fito a matsayin Rani, 'yar mai shagon kayan zaƙi a Delhi, wadda angonta Vijay ya fasa aurenta ana gab da biki. Sai ta ce ita dai za ta yi tafiyar amarcin ita kaɗai, zuwa Paris da Amsterdam. Abubuwa ukun nan da muke magana a kai duk suna cikin fim ɗin, amma dubi aikin da aka sa su. Hasumiyar Eiffel, wadda kowa ke zuwa ɗaukar hoto, ita gudunta take yi, don tana tuna mata alkawarin da aka karya, kuma duk lungun da ta shiga sai ta hango ta. A gidan abinci ba ta iya karanta Faransanci ba, aka kawo mata kifi da kansa, ta kasa ci. A kanti ta gwada wata riga ta ɗauki hoto, ta yi kuskuren tura wa Vijay, kuma hoton nan ne ya sa ya biyo ta yana lallashi. A Amsterdam ta soya golgappa, abincin titi na garinsu, ta sayar wa Turawa, karon farko da ta ga hannunta zai iya nema mata kuɗi. Da ta koma Delhi ta mayar da zoben baiko, mai kallo bai yi mamaki ba, domin ya ga yadda kowace rana ta tafiyar ta ƙara mata wani abu.

Ba ina cewa a kwaikwayi Queen ba ne. Akwai shan giya da gidan rawa da wasu wuraren da ba su dace da tarbiyyarmu ba, kuma mun gaji da wankiya. Dabarar ce abin ɗauka. Indiyawan ma suna da irin namu: Happy New Year na Farah Khan, shi ma na 2014, a otal ɗin Atlantis na Dubai aka yi yawancinsa, kuma garin a cikinsa bai wuce ado ba. Bambancin su suna da kuɗin ɓarnatarwa. Furodusan Kano da ya tattara ɗan jarinsa ya sayi tikiti ba shi da wannan sararin.

Abin takaicin shi ne muna da gadon rubutun tafiya. Alhaji Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 tare da wasu 'yan jaridar Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano ya rubuta Motsi Ya Fi Zama. Sunayen littattafan kaɗai sun isa darasi. Waɗannan bayin Allah sun kalli ƙasar wasu da idon Bahaushe, suna kwatantawa da gida, suna tambayar dalili. Jikokinsu kuma sun mayar da tafiya lissafin leda.

Wani zai ce ai nishaɗi ne, mene ne na ɗaga jijiyar wuya? To akwai abin da ya fi nishaɗi a ciki. Yarinya 'yar sakandare da ta karanta littafi goma, duk goman suka ƙare a Dubai Mall, me kake tsammani za ta ɗauka shi ne ma'aunin miji nagari? Saurayi mai ƙaramin albashi kuma da wane ido za ta kalle shi? Sannan akwai 'yan'uwanmu mata da dillalai suke ruɗa da aikin gida a ƙasashen Larabawa, su tafi da hoton da fim ya zana musu, su tarar da wani abu daban. Ka yi tunanin fitowa ɗaya: amarya tana zaɓen turare, sai ta ji an yi mata sallama da Hausa, ta waiwaya ta ga yarinya sa'arta tana tura keken jaririn uwar ɗakinta, rabonta da gida shekara biyu. Me za su ce wa juna? Wannan fitowar ba ta buƙatar Burj Khalifa, a kowane kanti za a iya ɗaukarta. Ko batun biza ma labari ne: daga 2022 zuwa 2024 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta dakatar da bai wa 'yan Najeriya biza, 'yan kasuwa da yawa suka shiga wani hali, amma angwayen littafi ba su fasa tashi washegarin biki ba.

Shawarata ga marubuta ba ta da tsada. Ba dole sai kin je Dubai ba, 'yar'uwa. A unguwarku akwai hajiyar da ta je sau goma. Ki zauna da ita ki tambaye ta inda take sauka, abin da take ci, yadda zafin garin yake a watan Yuli, abin da ya taɓa ba ta tsoro da abin da ya ba ta dariya. Kai kuma darakta, kafin ka sa furodusa ya sayar da fili, ka tambayi kanka abin da zai faru da jarumanka a can wanda ba zai iya faruwa a Kaduna ba. Idan babu amsa, ku yi zamanku a gida, Tiga da Yankari suna nan.

Kai kuma mai karatu, kuɗinka ne da lokacinka. Duk ranar da ka sake cin karo da babin Dubai, ka tsallake shi ka ci gaba da karatu. In ba ka rasa komai ba, to ka rubuto wa wannan mujalla ka faɗa, ko marubutan za su ji.