Tsintsiyar Kasuwa Ba Aikin Hannu Ba Ce

Duk ƙarshen zangon karatu, idan jarrabawa ta ƙarato, akwai sanarwar da ake yi wa 'yan firamare: gobe kowa ya zo da aikin hannunsa. Da yamma sai iyaye mata su aiki yara kasuwa su sayo tsintsiya, ko mafici, ko faifai. Wasu makarantun ma sun rage wa kowa wahala: a kawo kuɗi kawai, malam ya rubuta maki. Ana yin haka a makarantun gwamnati, ana yi a masu zaman kansu, a nan Wudil da ƙauyukan da ke kewaye da ita, har abin ya zama jiki, ba mai ɗaga gira.

Ni dai abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ɓarnarsa biyu ce. Ta farko, mun koya wa yaro ɗan shekara bakwai cewa maki abin saye ne, sannan mu zo muna mamakin satar amsa a jarrabawar kammala sakandare. Ta biyu, wadda ta fi damuna, mun toshe ƙofa guda ɗaya da wata irin baiwa take leƙowa ta cikinta a makaranta. Manhajar ilimin bai-ɗaya ta tanadi darasin al'adu da fasaha tun daga ajin farko. Yana nan a jadawalin da ke manne a ofishin hedimasta, amma a aji ya koma rubutu a allo: malam ya rubuta ma'anar saƙa, yara su kwafa, su haddace, ba wanda ya taɓa zare.

Wanda yake son ya ga abin da muke asara, ya tsaya a lungu bayan an yi girbi ya kalli yaro yana haɗa motar kara. Zai zaɓi kara mai kauri, ya ɓare bayansa siri-siri, ya yayyanka totuwar daidai wa daida, ya riƙa soka ɓawon a cikinta har gangar mota ta tashi. Taya kuwa daga tsohon silifa zai yanko ta. Idan ya tura ya ga motar tana karkata, sai ya ɗaga ta ya duba, ya gane taya ɗaya ta fi sauran girma, ya rage ta, ya sake gwadawa. Wani ma har batir da ɗan ƙwan tocila yake saka mata. A cikin wannan wasa akwai awo, akwai gwaji, akwai gano kuskure da gyara shi, kuma waɗannan su ne ginshiƙan aikin injiniya. Amma sau da yawa wannan yaron shi ne na talatin a aji, shi ake kira daƙiƙi, kuma idan aka kama motar a jakarsa bulala ce ladansa.

Ba a ce hukumomi ba su taɓa tunanin yara masu baiwa ba. Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, kuma likitoci da injiniyoyin da suka fito daga cikinsu shaida ne cewa tunanin ya yi kyau. Gwamnatin Tarayya ta buɗe makarantar haziƙai ta Suleja a 1990. Jigawa ma ta gina tata a Bamaina, ta wajen Birnin Kudu, a zamanin Gwamna Sule Lamido. Sai dai dukkansu na sakandare ne, kuma da jarrabawar takarda ake shiga. Yaron da baiwarsa take a hannu, ko a ido, ko a kunne, kafin ya kai wannan mataki an daɗe da karya masa gwiwa. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, mu kuwa sai ranar Juma'ar muke fara dubawa.

A dubi waɗanda muke alfahari da su. Jelani Aliyu, wanda ya zana ƙirar motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors na Amurka, a Sakkwato ya tashi yana zanen motoci tun yana yaro. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira ashirin, a gida ta koyi ginin tukwane tana ƙarama, kafin ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Michael Cardew a 1954 duniya ta san ta. Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero, a 2007 ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen tsofaffin motoci da babura. Hannu irin nasu yana buƙatar a bar shi ya taɓa, ya ɓata, ya gyara tun da wuri.

Shi ma yaron da Allah ya ba kaifin karatu ba ma yi masa adalci. Da an ga yana ɗaukar na ɗaya, sai a yi masa tsallaken aji, daga aji huɗu a tura shi sakandare, iyaye suna murna. Ko kuma a ba shi doguwar hadda da Turanci ya zuba ranar bikin yaye ɗalibai, a ɗauka a waya a watsa. Haziƙi ba sauri yake bukata ba, zurfi yake bukata. A ba shi tambayar da amsarta ba ta cikin littafi: me ya sa kwalekwale ba ya nitsewa alhali ƙaramin dutse yana nitsewa? A bar shi ya ƙera nasa da gwangwani, ya loda masa tsakuwa, ya ga inda zai kife, ya dawo ya yi wa 'yan ajinsu bayani.

Na san abin da malamai za su ce, kuma suna da gaskiya: aji ya cika maƙil, wasu yaran a ƙasa suke zaune, babu kayan aiki, albashi ba ya kai wata. Gwamnatin Kano da kanta ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, ka ga ba a ɓoye matsalar take ba. Amma aikin hannu shi ne darasin da ya fi kowanne arha. Kara yana gona, laka tana bakin kogi, kaba da gwangwani da tsumma ba sai an nemi kwangila ba. Makarantar allo ma ta riga mu: almajiri shi yake feƙe alƙalaminsa, ya dafa tawadarsa, wanda hannunsa ya faɗa kuma ya kai ga zayyana. Ba a taɓa ware wa wannan kasafin kuɗi ba.

Kuma idan akwai garin da bai kamata ya rasa masu koyarwa ba, to Wudil ce. Muna da masunta masu saƙa koma da gyaran jirgin ruwa, muna da maƙera, da maɗinka, da kafintoci, da mata masu saƙar tabarma da ɗinkin hula da zanen lalle. Kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai za su iya gayyatar mai sana'a ɗaya duk mako biyu, ya zauna da yara a gindin bishiya na awa guda. Muna kuma da jami'ar kimiyya da fasaha tun 2001, wadda aka sauya wa suna zuwa ta Aliko Ɗangote a 2022. Me zai hana ɗaliban sashen injiniya da na zanen gine-gine su ɗauki firamare ɗaya-ɗaya, su riƙa leƙawa suna nuna wa ƙannensu yadda ake haɗa fitila da batir? Abin kunya ne yaro ya tashi yana hangen katangar jami'ar fasaha, bai taɓa ƙera komai a makarantarsu ba.

Ga malamai, roƙona ɗaya ne: a yi aikin a cikin aji, a gaban idonku, kuma a ba da maki a kan ƙoƙari da dabara, ko da abin ya fito a karkace. Ku rubuta sunan yaron da kuka ga hannunsa ya bambanta, mace ko namiji, ku gaya wa iyayensa da malamin ajin gaba, don kada labarinsa ya ɓace. Ga iyaye kuma, idan ɗanku ya kwance tsohuwar rediyo don ya ga mai magana a ciki, ku tambaye shi abin da ya gano kafin ku yi faɗa. Zango mai zuwa, hedimasta ɗaya ya isa ya fara: ya sanar a taron safe cewa daga yau makarantarsa ba ta karɓar abin da yaro bai yi da hannunsa ba.